Yadda ake gyara kusurwar da filet uku suka haɗu a zanen kwamfuta

Wata rana da hantsi na kai wa wani dattijo mai zubin alminiyom a nan cikin garin Sakkwato samfurin murfin akwati. Na zana shi a kwamfuta, na buga shi da firintar 3D, ina so ya danna shi cikin ƙasar zubi ya fitar mini da na ƙarfe. Bai ko kalli fuskar murfin ba. Babban yatsansa ya ɗora a kan kusurwa, ya shafa ta sau biyu, ya ce, "Ɗana, wagga kusurwa ba ta hita ƙasa lahiya. Dubi nan, ta tsuke kamar bakin jaka." Na ce, "To Baba, mi za a yi mata?" Ya ce, "Ka ba ta wuri. Baduku ba shi tura fata ga lungu da ƙarhi, yanke ta shikai."

Abin da yatsansa ya ji shi ne wurin da bakuna uku da na lanƙwasa suka haɗu. A allon kwamfuta wurin ya yi kyau, amma a hannu akwai ɗan ƙulli. Wannan rubutu a kan yadda ake kawar da irin wannan ƙulli ne. Zan yi misali da manhajar Rhino ta kamfanin McNeel domin ita nake aiki da ita kullum, amma dabarar ɗaya ce a SolidWorks da Fusion da FreeCAD.

Kalmomin da zan riƙa amfani da su kaɗan ne. Filet shi ne lanƙwasar da ake yi wa kaifin baki don ya zama mai santsi. Radiyos shi ne rabin faɗin da'ira, da shi ake auna girman filet. Shimfiɗar da ke rufe jikin abin da ka zana kuwa fata zan riƙa ce mata, tun da a garin dukawa muke, kuma halinta da na fatar ɗaya ne.

Dalilin da ya sa kusurwa ke gardama

Kwamfuta tana yin filet ne kamar ta mirgina ƙwallo a tsakanin fuskoki biyu, ƙwallon yana taɓa kowacce, sai ta shimfiɗa fata a kan hanyar da ya bi. Muddin fuska biyu ce, babu matsala. Da ƙwallon ya iso inda fuska ta uku ta tare shi, sai lissafi ya canza.

Wahala ta biyu tana cikin irin fatar kanta. Fatar da waɗannan manhajoji ke amfani da ita, wadda ake kira NURBS, ta samo tushe daga aikin Paul de Casteljau a kamfanin motoci na Citroën wajen 1959 da na Pierre Bézier a Renault, duka a Faransa. A halittarta gefe huɗu gare ta, kamar ƙyallen da aka saƙa da zaren tsaye da na kwance. Ramin da filet uku suke bari kuwa gefe uku ne. In ka tilasta wa fata mai gefe huɗu ta rufe shi, sai ta tattara gefe guda ta matse shi ya zama ɗigo ɗaya. Wannan ɗigon shi ne bakin jakar da dattijon ya ji. Nan haske ke karyewa, nan kuma umarnin ba da kauri ke tsayawa cak daga baya.

Don haka duk aikin abu ɗaya ne: ko dai ka tsara filet ɗinka yadda ramin mai gefe uku ba zai taɓa samuwa ba, ko ka faɗaɗa ramin da hannunka har ya zama mai gefe huɗu.

Kafin ka taɓa baki ko ɗaya

A ce akwatinmu na na'urar cajin batirin sola ne, tsawonsa milimita 120, faɗi 80, tsayi 40. Shiga DocumentProperties, sashen Units, ka duba rangwamen awo, wato tazarar da manhajar za ta yarda ta ɗauki bakuna biyu a matsayin haɗaɗɗu. Ga abu mai wannan girma, 0.001 na milimita ya yi, rangwamen kwana kuma digiri 1. Tun farko ake saita wannan, ba a tsakiyar aiki ba.

Daga nan ka kwafi akwatin tun yana da kaifinsa ka ajiye a wani leya, wato shafin zane da ake iya nunawa ko ɓoyewa, ka ɓoye shi. Za ka koma gare shi fiye da sau ɗaya. Ka kuma saba da IncrementalSave, wanda ke ajiye sabon kwafi mai lamba duk sanda ka danna. Wanda ya san yadda wuta ke tafiya a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, batirin kwamfuta ya gaji, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai ka share bakunan. Kira ShowEdges ka duba ko akwai bakin da ya rabu gida biyu ba dalili. In akwai, MergeEdge zai haɗe shi. In fuska ɗaya ta kasu kashi-kashi bayan ka haɗa jiki da jiki, MergeAllCoplanarFaces zai mai da ita guda. Yawancin filet ɗin da na ga ya ƙi fita, ɗan guntun baki ne da ido ba ya gani ya tare ƙwallon.

Babba kafin ƙarami

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ke magance yawancin kusurwoyi. Kira FilletEdge, ka zaɓi bakuna huɗu na tsaye, ka ba su radiyos 12. Yanzu dubi bakin saman akwatin: ya zama zobe guda mai santsi, babu kwana mai kaifi ko ɗaya. Sake kiran FilletEdge, ka danna ChainEdges, ka taɓa baki ɗaya, zoben duka zai zaɓu. Ba shi radiyos 4. Ƙaramin ƙwallon zai zagaye kwanar 12 hankali kwance, fatar da zai bari a kusurwa kuma yanki ne na siffar awarwaro, mai gefe huɗu cif.

In ka juya tsarin, ka fara da 4 sannan ka kawo 12, babban ƙwallon ba zai iya bin ƙaramar kwanar ba. Ko dai umarnin ya ƙi, ko ya bar maka fatu masu shiga juna.

In dukkan ukun radiyos ɗaya ne, misali 5, zaɓe su a tashi ɗaya. Ƙwallo guda zai zauna daram a kusurwar, a samu kashi ɗaya cikin takwas na ƙwallo. Lissafinsa daidai ne, babu rami. Sai dai ni ba na son kamanninsa a kan abu mai sheƙi, domin haske na taruwa a kansa kamar ƙurji. Ko da bambancin kaɗan ne, a ce 7 a tsaye da 5 a sama, ido ya fi samun natsuwa.

Inda lungu ya haɗu da tudu, kamar ƙashin ƙarfafawa, wato siririn bangon da ke ƙara wa jiki ƙarfi, da ya tashi daga ƙasan akwati, fara da bakunan ƙashin na tsaye, sannan ka zagaye gindinsa da filet ɗin lungu a matsayin zobe guda.

In radiyos uku ne mabambanta

Nan ne aikin hannu yake, kuma nan zan daɗe. A ce bakin tsaye 12 ne, bakin sama na dogon gefe 8, na gajeren gefe 4. Kana iya gwada hanyar gaggawa tukuna: bayan ka yi 12, ka zaɓi zoben sama, ka yi amfani da AddHandle ka sa maƙalai, wato ɗigogin da ake ba kowanne nasa radiyos, 8 kafin kwana, 4 bayanta. Sau da yawa yana fita. Amma dubi gefen filet ɗin na ƙasa da kyau. In ya yi tafiyar maciji, ko ya karye a inda bango ya shiga kwana, goge shi ka gina da hannu.

Fara da filet ɗin tsaye na 12, ka bar shi ya hau har sama. Sai ka kira Explode akwatin ya rabu fata-fata. Ɓoye ƙasan da sauran bangon da ba ruwansu, ka bar rufi, bango biyu da filet ɗin da ke tsakaninsu.

Kira FilletSrf, ka sa Trim a kan No domin kada ya yanke maka komai tukuna. Taɓa rufi da dogon bango, radiyos 8. Maimaita da rufi da gajeren bango, radiyos 4. Za ka ga filet biyu sun miƙe sun nufi kusurwa, watakila har sun gitta juna. Bar su haka.

Yanzu ja da baya, wanda shi ne shawarar dattijon nan. Filet ɗin tsaye ya fara ne milimita 12 daga asalin kusurwa. Kada ka yanke filet ɗin sama a daidai nan. Ƙara milimita 10, ka yanke kowanne a milimita 22 daga kusurwa. Kira Split, zaɓi Isocurve, ka daidaita layin ya ratsa filet ɗin a kwance, ka yanke, ka goge guntun da ke wajen kusurwa. Dalilin ƙarin shi ne gefen filet na 8 yana milimita 8 ƙasa da rufi, na 4 kuma yana milimita 4, don haka akwai hawan milimita 4 da dole a yi. Bakan kwanar 12 bai wuce milimita 19 ba. In ka matse hawan a cikinsa kaɗai, zai yi tsaye, ido zai gan shi. Da ƙarin 10 a kowane ɓangare ka samu kusan milimita 39, hawan ya kwanta. A nawa aikin, gara na ja da baya fiye da kima da in gaza.

Sai layukan dogo guda biyu da sabuwar fata za ta bi. Na sama: kira BlendCrv, taɓa gefen sama na filet 8 da gefen sama na filet 4. Tunda dukkansu a kan rufi suke, layin zai kwanta a kan rufin da kansa. A tagar da za ta buɗe zaɓi Curvature a kowane ƙarshe, ka kunna CurvatureGraph ka ja maƙalan har tsefen da ya bayyana ya zama tudu guda mai laushi. In ka ga tsefen ya tsallaka ɗaya gefen layin ya dawo, layin yana da lanƙwasa ta ɓoye, kuma za ta fito a jikin fata.

Na ƙasa ya fi neman kulawa. Yi BlendCrv tsakanin gefen ƙasa na filet biyun. Wannan layin a iska yake rataye, bai kwanta a bango ba. Haɗa bango biyu da filet ɗin tsaye da Join, sannan ka kira Pull ka jawo layin ya manne a jikinsu. Juya zanen ka kalle shi daga gefe: ya kamata ya tashi daga 8 zuwa 4 a hankali, ba tare da ya nutse ko ya zarce ba. In ya nutse, koma ka rage ƙarfin maƙalan BlendCrv ka sake jawowa.

Yanzu yanka. Rufi za a yanke shi da layin sama haɗe da gefen sama na filet biyun. Bango kuma da layin ƙasa haɗe da gefensu na ƙasa. DupEdge zai fitar maka da gefunan a matsayin layuka, ka haɗa su da Join, ka yi Trim. In Trim ya ƙi, kusan kullum layin bai kai ƙarshen fatar ba ne, ka ƙara masa tsawo.

Tsaya ka ƙirga gefunan ramin da ya rage: bakin filet 8, layin sama, bakin filet 4, layin ƙasa. Huɗu ke nan. Ramin da ya so ya zama mai gefe uku ya koma irin wanda fatar ke so.

Cike shi da Sweep2. Layukan dogo su ne gefen rufi da gefen bango da ka yanke, ba layukan da ka zana ba, domin sai ka taɓa gefen fata ne manhajar ke ba ka zaɓin Tangency, wanda ke sa sabuwar fata ta shiga maƙwabciyarta ba tare da kaifi ba. Tunda gefen ƙasa ya ratsa fata uku, yi amfani da ChainEdges ka kama shi duka. Sifofin giciye su ne bakunan filet biyun. Zaɓi Tangency ga layukan dogo biyun. In tsakiyar fatar ta murɗe, AddSlash zai ba ka damar nuna mata wane ɗigo na sama ke fuskantar wane na ƙasa. Ɗaya a tsakiyar kwana yakan isa.

Sweep2 ba ya kula da yadda fatar ta shiga filet biyun a ƙarshenta, wannan aikin MatchSrf ne. Taɓa ƙarshen sabuwar fata, taɓa bakin filet, zaɓi Tangency, ka kunna Refine match. Yi wa ɗaya ƙarshen haka. Bayan nan sake duba gefen sama da na ƙasa, don gyaran wani gefe yakan ɗan motsa maƙwabcinsa. Kada ka yi ta maimaita MatchSrf sau biyar, kowane zagaye yana ƙara wa fatar layukan ciki har ta yi yawa ta fara ƙwanƙwasa. In zagaye biyu bai daidaita ta ba, laifin layukan dogo ne, koma can.

Maganar Patch

Kowa yana fara kai hannu ga Patch domin yana rufe rami kowane iri da dannawa ɗaya. Yadda yake aiki shi ne ya shimfiɗa babbar fata mai gefe huɗu a kan ramin, ya matso da ita kusa da gefuna gwargwadon iyawarsa, ya yanke rarar. Tunanin mai kyau ne, irin na baduku ne ma, amma kusa yake kaiwa, ba daidai ba, shi ya sa sau da yawa Join ke ƙin kama gefensa.  Ina amfani da shi yanzu a wuri ɗaya: inda bakuna huɗu ko biyar suka haɗu, kamar ƙololuwar dala. Ko a can sai na ja filet ɗin baya sosai, na zana layi ɗaya ko biyu da suka ratsa ramin don su nuna masa tudun da nake so, na kunna Adjust tangency, na fara da layukan ciki 10 da 10 ina ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Abu biyu da nake roƙon ka guje musu. Kada ka ba EdgeSrf layuka uku, ɗigon nan mai tsukewa zai haifar maka. Kuma in Join ya ƙi, kada ka ɗaga rangwamen awo ko ka tilasta da JoinEdge. Ramin yana nan, an rufa masa zane ne kawai, zai bayyana ranar da fayil ɗin ya isa wata manhaja.

Masu SolidWorks za su samu wannan ja da baya a cikin umarnin filet ƙarƙashin Setback Parameters, inda ake zaɓar kusurwa a ba kowane baki nisansa. A Fusion, Corner Type ake canzawa daga Rolling Ball zuwa Setback. A FreeCAD, wadda kyauta ce kuma sigarta ta 1.0 ta fito a Nuwamban 2024, a bi tsarin babba kafin ƙarami, ramin da ya rage a cike shi da Filling na sashen Surface.

Duba aikin da zanen jakin dawa

Launin toka na allo yana ɓoye aibi. Haɗa komai da Join, ka kira Zebra. Zai zuba wa jikin ratsin baƙi da fari. Kafin ka yanke hukunci danna Adjust Mesh ka ƙara laushin ragar nuni, in ba haka ba za ka ga karaya inda babu ita.

Bi ratsin da ido inda ya tsallaka daga fata zuwa fata. In ya yanke ya ci gaba a wani wuri, fatun sun taɓa juna ne kawai, akwai kaifi, wannan shi ne G0. In ya haɗu amma ya yi gwiwa, G1 ke nan: hannu ba zai ji komai ba, sai dai lanƙwasar ta faɗo farat ɗaya. Haka kowane filet na da'ira yake a inda ya haɗu da miƙaƙƙiyar fuska. In ratsin ya wuce sumul babu gwiwa, G2 ne. Ga zubin ƙasa da bugun firinta, G1 ya wadatar, domin ƙasar da layukan bugun sun fi wannan bambanci kauri. Ga roba mai sheƙi ko abin da za a fesa wa fenti kamar jikin mota, nemi G2: yi amfani da BlendEdge a maimakon FilletEdge, ka zaɓi Curvature a duk inda na ce Tangency. Ka tuna cewa lanƙwasar G2 takan fi tsukewa a tsakiyarta, don haka ka ɗan ƙara mata faɗi in kana so ta yi kama da filet ɗin da ka saba.

Juya ratsin tsaye, ka juya shi kwance, ka mirgina zanen a hankali kana kallon kusurwar. Ƙulli yakan ɓuya a wata fuska ya fito a wata. EdgeContinuity, wanda ya zo da Rhino 7, zai ba ka tazara da kwanar da ke tsakanin gefuna biyu da lambobi. In kwanar ta gaza digiri 1 kuma tazarar tana cikin rangwamenka, ka wuce.

Sannan ShowEdges, zaɓi Naked edges. Buɗaɗɗen baki ko ɗaya kada ya rage. SelBadObjects kuma kada ya zaɓi komai.

Kauri da wurin ƙira

Akwati ba fata kaɗai ba ne, yana da kauri. In bangonsa milimita 2 ne, radiyos na ciki shi ne na waje a debe 2: 12 ya koma 10, 8 ya koma 6, 4 ya koma 2. In ƙaramin filet ɗinka na waje bai kai kaurin bango ba, Shell ko OffsetSrf za su rikice a kusurwa, don babu wurin da fatar ciki za ta zauna. A irin wannan hali gina cikin daban, da nasa filet ɗin, ka cire shi daga na waje. Daidaiton kauri a kusurwa yana da muhimmanci ga mai zubi, domin inda ƙarfe ya taru da yawa shi ke yin jinkirin sanyi, ya bar rami ko lotsawa.

In injin sassaƙa na CNC ne zai yanke maka mazubin, tambayi mai injin kaurin bakin da zai sa. Baki mai faɗin milimita 6 ba zai iya fitar da lungun da ya gaza radiyos 3 ba, kuma gara ka zana 3.5 don ya zagaya ba tare da ya cije ba. Aika masa fayil ɗin STEP, shi ke riƙe fatun yadda suke. Firinta kuwa STL take so, wanda ke farfasa fatar zuwa ƙananan alwatika, saboda haka ka ƙara laushin raga lokacin fitarwa, kada kusurwar da ka sha wahala a kanta ta fito da fuska-fuska. In akwatin a rana zai zauna, kada ka buga shi da robar PLA, tana fara laushi wajen digiri 60, abin da ke cikin mota ko ƙarƙashin kwano a garin nan yana iya kaiwa can. PETG ta fi jurewa.

Kusurwa ɗaya kawai za ka gina da hannu. Sauran ukun, yanke akwatin gida huɗu ta tsakiya, ka riƙe kashin da ka gyara, ka yi Mirror sau biyu, ka haɗa da Join, ka sake kiran ShowEdges a kan jikin duka kafin ka fitar da fayil.